Littafi Ba Ya Hawa Kanta Da Kansa: Tarihin Laburaren Jami'ar Ibadan



Akwai wata magana da ba ta tsufa a bakin ɗaliban jami'a a ƙasar nan. Ka je Legas, ka je Fatakwal, ka je Nsukka ko Ilori, sai ka ji ta: "Laburare? In je in yi me? Ai babu komai ciki sai littattafan zamanin kakanninmu." Mai faɗin haka yana da 'yar gaskiyarsa. Amma da wuya ka ji wanda ya ƙara da tambayar da ta kamata: to su tsofaffin ta ina suka shigo, wa ya biya kuɗinsu, kuma me ya faru har sababbi suka rage zuwa?

Ina karatun digiri na biyu a nan Ibadan, ko Badun in ji mutanenmu na Sabo, kuma na ɗan bi diddigin tarihin laburaren wannan jami'a. Na ga ya dace in kawo muku, domin ita ce jami'a ta farko a Najeriya, kuma yawancin abin da ya same ta shi ya sami ƙannenta. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a kai ƙarshe.

Hanyoyi huɗu ne littafi ke bi ya hau kantar laburaren jami'a: gado da kyauta, doka, fita nema, sai kuma saye. Mu ɗalibai ta huɗun kaɗai muke gani, ita muke yi wa ƙorafi. Amma ukun farko su ne suka tara wa laburare abin da ba a samu a wani wuri.

GADO DA KYAUTA

A watan Janairun 1948 aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ƙarƙashin Jami'ar Landan, a tsohon asibitin soja da ke Eleyele. Ɗalibai 104 aka fara da su, waɗanda aka kwaso daga Babbar Kwalejin Yaba ta Legas. Ba su zo hannu rabbana ba, an haɗo su da littattafan laburaren Yaba, 'yan dubbai. Shugaban kwalejin na farko, Kenneth Mellanby, ya samo mutumin da zai riƙe laburare daga can ƙarshen duniya: John Harris, wanda ya riƙe laburaren Jami'ar Otago a ƙasar Niyu Zilan. Harris ya yi kusan shekara 20 a kan wannan kujera, kuma har yau ana kiransa uban aikin laburare a Najeriya.

Amma babban jarin da aka fara da shi na wani ɗan ƙasa ne, Henry Carr. An haife shi a Legas a 1863, ya yi aikin duba makarantu, ya hau har ya zama Razdan na Legas a zamanin da baƙar fata ba ya ko mafarkin wannan matsayi. Ya rasu a 1945, ya bar littattafai kusan 18,000 a gidansa. Gwamnati ta saye su, aka miƙa wa sabuwar kwalejin. Ku yi lissafi: ɗalibai 104, littattafai 18,000. Kowane ɗalibi ya tashi da sama da littafi 170 daga tarin mutum ɗaya tak. Sai kuma wani Bature, F. Montague Dyke, da ya ba da tarinsa na littattafai da mujallu kan aikin gona a ƙasashe masu zafi. Kada a haɗa shi da Farfesa Kenneth Dike, ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci kwalejin a 1960, wanda laburaren ke amsa sunansa yanzu.

Ba littattafai kaɗai ake gado ba, har da takardu. Herbert Macaulay, wanda ciwon ajali ya kama a Kano yana rangadin jam'iyyar NCNC a 1946, wasiƙunsa da takardunsa a wannan laburare suke. Haka na Funmilayo Ransome-Kuti, jagorar matan Abeokuta. Duk mai son rubuta tarihin siyasar ƙasar nan kafin 'yancin kai, ko daga Landan yake ko daga Amurka, dole ƙafarsa ta taka Ibadan saboda irin waɗannan akwatuna.

Sai dai kyauta tana da nata aibi. Tana zuwa ne da sha'awar mai bayarwa, ba ta tambayi abin da ke cikin manhajar kwas ɗinka ba. Shi ya sa kowane laburare mai tsari yake tace kyauta kafin ya karɓa. Littafin da ya hau kanta yana cin wuri, yana cin lokacin ma'aikaci, yana buƙatar shara da kulawa har abada. Kwantenar tsofaffin littattafan kwamfuta da wata makaranta a Turai ta gaji da su, in ka karɓa don kunya, ka ɗora wa kanka kaya ne.

DOKA

A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar ɗab'i, wadda ta wajabta wa duk wanda ya buga littafi a Najeriya ya aika kwafi biyu zuwa laburaren Kwalejin Ibadan. Ku lura, a lokacin babu Laburaren Ƙasa, sai a 1964 aka kafa shi. Ke nan shekara da shekaru laburaren jami'a ɗaya shi ke yi wa ƙasa gaba ɗaya aikin ajiya. Daga 1953 ya fara fitar da jerin sunayen abin da aka buga a ƙasar, mai suna Nigerian Publications. Dokar ba ta ware yare ba. Ta hau kan mai buga littafin Yarbanci a Ibadan, ta hau kan mai buga ƙasidar kasuwa a Onica, ta hau kan littattafan Hausa da ake bugawa a Kamfanin Gaskiya na Zariya.

A 1970 aka yi dokar soja mai lamba 29, wadda ta mayar da wannan nauyi kan Laburaren Ƙasa. Ta ce mai buga littafi ya kai kwafi uku cikin wata ɗaya da fitowarsa, gwamnatin jiha ta kai 10, ta tarayya 25. Amma ba a manta da Ibadan ba: daga ukun nan, ɗaya nata ne.

Doka ce mai kyau a takarda. Matsalarta ita ce sai mai littafi ya ɗauka ya kai. Ku tuna adabin kasuwar Kano da ya ɓarke tun tsakiyar shekarun 1980, littattafan da yayyenmu mata suke ɓoyewa a ƙarƙashin filo. Marubuci ya buga da kuɗinsa, ya sayar, bugu ya ƙare, shi ke nan. Da yawa ba su ma san akwai dokar ba. Yau mai bincike kan wannan adabi yakan dogara ne da tarin da wasu ɗaiɗaikun malamai suka yi da aljihunsu, ko wanda ke makarantar SOAS a Landan. Ƙasidun kasuwar Onica ma, Jami'ar Kansas ta Amurka tana da tarinsu, har ta ɗora a intanet. Abin da muka raina a gida, wani ya tsince shi ya adana.

FITA NEMA

Wannan ita ce hanyar da ta fi burge ni, kuma ta shafe mu kai tsaye. A shekarun 1950 mataimakin Harris, wani mai suna W. E. N. Kensdale da ya karanci Larabci, ya riƙa hawa Arewa yana neman rubuce-rubucen hannu na malamai. Wanda aka yarda a sayar ya saya, wanda ba a yarda ba ya ara, a ɗauki hotonsa a ɗan siririn fim ɗin nan da ake kira maikurofim, a mayar wa mai shi abinsa. Tsakanin 1955 da 1958 ya fitar da jerin rubuce-rubucen Larabci da ke laburaren, ya kuma wallafa sunayen littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da na Abdullahin Gwandu da na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a wata mujallar masana ta Ingila. A 1964 John Hunwick ya kafa cibiyar adana rubutun Larabci a jami'ar, aka ci gaba da wannan salo na aro, ɗaukar hoto, mayarwa.

Me hakan ya haifar? A da, tarihin Arewa da ake koyarwa a makarantun boko daga rahoton Razdan da Di'o ake ciro shi. Da waɗannan takardu suka shigo hannun masu bincike, sai aka fara jin labarin daga alƙalamin waɗanda suka yi jihadin da kansu. H. F. C. Smith, wanda muka fi sani da Abdullahi Smith, a Ibadan ya koyar kafin ya koma Zariya a 1962. Ɗalibinsa Murray Last a Ibadan ya yi digirinsa na uku, ya zauna a Sakkwato yana karatu a laburaren Waziri Junaidu, littafinsa kan Daular Usmaniyya ya fito a 1967. Wato laburaren da ya tashi ya fita nema ya canza yadda ake rubuta tarihin ƙasa. Wanda ya zauna yana jiran dillali ba zai taɓa yin haka ba.

SAYE

To, mu zo inda ke mana ƙaiƙayi. Da yawanmu ba mu san yadda ake sayen littafi a laburaren jami'a ba, mun ɗauka wani ne ke zaune a ofis yana zaɓo abin da ya ga dama. Ga yadda abin yake bisa ƙa'ida. Laburare yana aika wa kowane sashe takardar neman sunayen littattafan da ake buƙata. Malamai su rubuta, shugaban sashe ya sa hannu. Sashen saye na laburare ya duba ko akwai littafin tun da, da ko akwai sabon bugu, da farashi. A ba dillali oda. In kaya sun iso a duba su ɗaya bayan ɗaya, a buga hatimi, a ba kowane kwafi lambarsa ta shiga a babban rajista. Lambar nan kamar lambar rajistar ɗalibi take, ba a ba wa wani ita ko da littafin ya ɓace. Daga nan sai sashen katalog, inda ake tantance fannin littafin, a ba shi lambar da kuke gani a gadon bayansa. Ita ce adireshinsa a kan kanta.

Ko wannan lamba tana da tarihi. Harris ya zo da tsarin da ake kira Bliss, wanda ya yi aiki da shi a Otago. Daga baya aka koma tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, mai farawa da haruffa, wanda akasarin jami'o'inmu ke bi yanzu: L ilimi, Q kimiyya, H zamantakewa da tattalin arziki, DT tarihin Afirka. In ka san haruffan fanninka, ka shiga kowane laburare daga Kalaba zuwa Sakkwato ba ka ɓata ba.

Abin da ya karya wannan tsari kuɗi ne. Mafi yawan littattafan jami'a da mujallun bincike daga waje ake sayo su, da dala ko fam. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Farashin man fetur ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shigo da tsuke bakin aljihu a 1982, samun kuɗin waje ya zama sai da wahala. A 1986 Babangida ya kawo SAP, kafin shekara ta ƙare dala ta haura naira uku. Kasafin laburare da naira yake, farashin littafi da dala. Abin da aka fara yanka shi ne mujallu, domin su duk shekara ake biya. Shi ya sa a tsofaffin jami'o'inmu za ka ga mujalla ta jeru a kanta shekara bayan shekara, ɗaure da bango mai kyau, sai ta tsaya cak a wajajen 1983 ko 1986. Wannan giɓi da kake gani tarihin naira ne a tsaye. Masana a lokacin har suna suka sa wa abin, suna ce masa yunwar littafi, kuma kusan duk Afirka ta sha ta.

An yi ƙoƙarin ɗinke ɓarakar. A 1990 Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 120 ga jami'o'in tarayya, wani kaso nasa na littattafai da mujallu ne. A 1992 ASUU, ƙarƙashin Attahiru Jega, ta yi yajin aikin da ya kai ga yarjejeniya da gwamnati. Daga nan aka samu ƙa'idar ware wa laburare kashi 10 cikin 100 na kuɗin gudanar da jami'a, aka kuma kafa asusun harajin ilimi a 1993, inda a lokacin aka ɗora wa kamfanoni biyan kashi 2 cikin 100 na ribarsu. Shi ne ya rikiɗe ya zama TETFund a 2011. In ka buɗe sabon littafi a laburaren jami'ar gwamnati ka ga hatimin TETFund, ka tuna daga yajin aiki ya samo asali. Mu da yajin aiki ya ci mana shekaru muna da dalilin jin haushinsa, amma wannan ma yana cikin lissafi.

A 2024 dala ta wuce naira 1,500. Littafin likitanci ko injiniyanci na dala 100 ya zama sama da naira 150,000, kwafi ɗaya, a ajin da ke da ɗalibi 300.

ZAMANIN HAYA

Sai intanet ta zo ta sauƙaƙa wani abu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe HINARI a 2002, Hukumar Abinci ta Duniya ta biyo da AGORA a 2003, JSTOR ta buɗe wa jami'o'in Afirka ƙofa kyauta a 2006. Ɗalibin da ke Ibadan ya iya karanta maƙalar da ta fito jiya a Boston. Wallahi ba ƙaramar ni'ima ba ce, wanda ya yi furojet kafin wannan zamani shi zai ba ka labari.

Amma a nan akwai abin lura. Littattafan Henry Carr an saye su sau ɗaya, shekara kusan 80 ke nan, suna nan. Rumbun mujallu na intanet kuwa haya ake yi. Shekarar da ba a biya ba, ko mai kyautar ya canza sharaɗi, ƙofa ta rufe, babu ko shafi ɗaya da ya rage a hannunka. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Kuma abin da ke cikin waɗannan rumbuna, duk jami'ar duniya da ta biya tana da irinsa. Abin da ya bambanta laburarenmu da na kowa shi ne wanda ya shigo ta hanyoyi ukun farko: takardun Macaulay, rubutun malaman Sakkwato, jaridun da suka mutu, rahotannin gwamnatocin da aka rushe, da kundayen digirin da ni da kai muke rubutawa. Waɗannan in sun lalace, babu dalar da za ta sayo wasu.

RIƘO

Samun littafi rabin aiki ne, riƙe shi ne sauran rabin. Ginin laburaren Ibadan da aka buɗe a 1954, wanda Maxwell Fry da Jane Drew suka zana, an yi masa bangon siminti mai huda-huda kamar rariya, don iska ta ratsa, rana kuma kada ta bugi littattafai. Sun san abokan gabar takarda a kudu: danshi, fumfuna, gara, kyankyaso. A Arewa kuma ƙura ce da bushewar hunturu, masu sa takarda ta riƙa karyewa kamar ƙosasshen ganye. Shi ya sa ake da sashen ɗinki da gyaran bango. Shi ya sa littafin da kwafinsa ɗaya ne kuma kowa ke nema ake ajiye shi a keɓe, a ba ka na awa biyu. Shi ya sa wasu ɗakunan sai da takardar izini. Ba wulaƙanci ba ne.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu ma muna cikin abokan gabar. Wanda ya yage babi guda da reza saboda jarrabawa ya kashe littafin ga duk wanda zai zo bayansa. Wanda ya ɗauke littafin tattalin arziki ya ɓoye a kantar ilimin tsirrai don shi kaɗai ya riƙa samu, ya ɓatar da shi ke nan, domin a cikin dubban ɗaruruwan littattafai wanda ba ya kan adireshinsa daidai yake da wanda aka sace. Ko da niyya mai kyau ce, kada ka mayar da littafi kanta da kanka. Bar shi a tebur, aikin ma'aikata ne.

TO YANZU SAI ME?

Ga abin da na ga yana hannunmu, ba sai mun jira gwamnati ba.

In kana buƙatar littafin da babu, ka kai sunansa da na marubucin da shekarar bugu ga sufabaizanka ko ma'aikacin laburaren tsangayarku, a sa shi a jerin da za a aika. Sau da yawa takardar nan tana zuwa sashe ta koma da 'yan sunaye kaɗan, alhali muna can muna ƙorafi a WhatsApp.

Ka je sashen intanet na laburarenku ka tambayi rumbunan da jami'a ta biya wa kuɗi, ka karɓi lambar shiga. Ana duba alƙaluman masu amfani kafin a sabunta biya. Abin da ba a taɓawa shi ake fara yankewa.

In ka gama kundinka, ka ba da kwafi mai kyau, ka yarda a ɗora shi a rumbun jami'a na intanet. Wataƙila kai kaɗai ne ka taɓa zama ka yi hira da dattawan Sabo ko 'yan kasuwar Shasha a kan abin da ka rubuta. Nan da shekara 40 wani zai neme shi kamar yadda muke neman na mutanen 1970.

In kai marubuci ne, ko 'yar uwarka tana rubuta littattafan Hausa, ku kai kwafi ukun nan ofishin Laburaren Ƙasa na jiharku.

In kuma a gidanku akwai gafakar kaka mai tsofaffin takardu, na Larabci ko na ajami, ko wasiƙun fatauci na zamanin goro, kada a bar wa gara, kada a sayar wa mai ƙosai. Ba sai kun rabu da su ba. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, akwai laburaren jami'o'i masu sashen rubutun hannu. A yau na'urar ɗaukar hoto ta maye gurbin maikurofim, a ɗauka a ba ku abinku, kamar yadda aka yi wa malaman da suka ara wa Kensdale nasu shekara 70 da suka wuce.

Tsofaffin littattafan da muke yi wa dariya, wani ne ya tara su da albashinsa, wani ya bi hanyar Sakkwato ba kwalta don ya samo su, wani ya yi yajin aiki aka tsare shi don a samu kuɗin sayen na bayansu. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah Ya jiƙan waɗanda suka tara mana, Ya ba mu ikon barin wani abu a kanta don na baya.

Wanda ya san tarihin laburaren jami'arsu, musamman 'yan Kashim Ibrahim na Zariya da 'yan Nsukka da yaƙin basasa ya ci littattafansu, don Allah ya ba mu labari mu ƙaru.